Zlata da Ɓerayen Mijinta

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin garinmu Kikinda a shekarun baya ya kwanta a kan zanen gadon da ya bi ta hannun Zlata, ko da kuwa bai taɓa jin sunanta ba. Tun tana budurwa ta shiga ɗakin wanki na can ƙasan bene, ba ta fito ba sai da furfura ta rufe mata kai. Tururi ya dafa mata fuska, bilic ya cinye mata fatar hannu har yatsunta suka koma jajaye masu sheƙi. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ga saurin tafiya ga saurin baki. In ta shiga gidan mutum, kafin ta amsa gaisuwa idonta ya riga ya leƙa bayan ƙofa da ƙarƙashin tebur.

'Yar manoma ce daga wani ƙauye na bakin iyaka. A gidan ubanta ba a da abokin gaba kamar ɓera, kuma tun tana ƙarama ita ake turawa rumbun masara da safe ta kwashe abin da tarko ya kama.

Mijinta Tihomir direban bas ne, mai zirga-zirga tsakanin gari da ƙauyuka. Sunansa a harshenmu yana nufin mai shiru, amma wanda ya raɗa masa shi bai yi duba ba. Daga tasha zuwa tasha bakinsa ba ya rufuwa: ya tsokani tsofaffi masu kai kaji kasuwa, ya yi musun ƙwallo da wanda ke kujerar baya, ya rera waƙa da taba a gefen baki. A gida ma haka. Shi da Zlata sun shekara arba'in da wani abu suna cacar baki a kan takalmin da ya shigo da shi da taɓo, da tokar taba, da gishirin miyar wake. Maƙwabta sun saba, har in suka ji gidan tsit sai su aiko a tambaya ko lafiya. 'Yarsu ɗaya, Biserka, tana aure a birnin Novi Sad.

Bai daɗe da ajiye aiki ba muryarsa ta fara dishewa. Ya ce sanyi ne, ta ce taba ce. Ashe ciwon daji ne a maƙogwaro. Likitoci suka yanke abin da za su yanke, suka tsirar da ransa, muryar kuwa ta tafi. Ya dawo gida da huda a wuya wadda yake numfashi ta cikinta, an rufe ta da ɗan farin ƙyalle.

Da farko abokan aiki sun yi ta zuwa dubiya. Sai dai sun saba shi ne mai magana su ne masu dariya, yanzu kuwa sai a zauna ana juya kofin kofi ana kallon bango. A hankali ƙafa ta ɗauke. Tihomir ya koma zama a bakin taga tun safe har la'asar, hannuwa a kan gwiwa. Zlata ta yi ta yi masa faɗa kamar da, tana jiran ya rama, amma sai ya dube ta kawai ya mai da kai ga titi. Faɗa kuwa ba ya daɗi in babu mai ramawa. Ita ma sai ta yi shiru. Wannan karon ba wanda ya aiko ya tambaya, don kowa ya san dalili.

Da kaka, lokacin da kowane gida ke gasa jan tattasai na ajiyar hunturu, sai ga Obrad, tsohon abokin Tihomir mai gyaran motoci a tasha, ya shigo rungume da wani kwali.

"Uwargida, barka da hayaƙi. Ina mutumin?"

"Yana inda ka bar shi wata uku da suka wuce. Me ke motsi a kwalin nan?"

"Fasinjoji ne. An bar su a kujerar baya ta motar ƙauye. Sun yi kwanaki a ofishin tasha ba wanda ya zo nema."

Ta ɗaga murfin, ta yi baya da sauri.

"Ɓeraye! Obrad, ka fara sha tun da safe ne? Gidana za ka kawo wa ɓera?"

"Ba irin na rumbu ba ne. Ɓerayen hamada ake ce musu, mutanen birni ke kiwonsu. Dubi jelar mana, da gashi, har da tuntu a ƙarshe."

"Ko kwat suka sa, ɓera ɓera ne. Fita da su kafin in ɗauko tsintsiya."

Sai suka ji an bugi tebur da tafin hannu, bam. Tihomir ne ya taso daga bakin taga. Ya jawo kwalin gabansa, ya sunkuya yana kallo. Su biyu ne, maza, launin ƙasa-ƙasa da farin ciki, sun miƙe tsaye a kan ƙafafun baya suna kallonsa da baƙaƙen idanu. Zlata ta dubi fuskarsa. Rabon da ta ga ya kalli wani abu haka tun kafin a yi masa aiki.

Obrad ya samo tsohon akwatin gilashi irin na kiwon kifi, Tihomir ya cika shi da dusar katako da busasshiyar ciyawa, ya yi masa murfin raga. Kafin gari ya waye ɓerayen sun haƙa ramuka sun yi hanyoyi a jikin gilashin. Da yake shi ba ya iya kiran suna, Zlata ce ta raɗa musu, kuma da niyyar zagi ta yi. Babban, mai shiga cikin kwanon abinci ya zauna daram ya hana ɗan'uwansa, ta ce masa Minista. Siririn da ba ya zama wuri ɗaya, kullum daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce masa Kwandasta. Ranar Tihomir ya yi dariya, dariya marar sauti, kafaɗu na rawa, ƙyallen wuyansa na kaɗawa.

Ya mai da kujerarsa daga taga zuwa gaban akwatin. Da kallo ya koyi halinsu, abin da ya shige masa duhu kuma Biserka ta bincika masa ta faɗa wa uwar a waya. Abincinsu gero ne da alkama da sha'ir, da ɗan karas ko ganye jefi-jefi. Sukan ɗauki ƙwaya da hannu biyu su zauna su ɓare ta kamar tsofaffi a bakin kasuwa. Ruwa kaɗan suke sha. Abin da suke mutuwar so shi ne 'ya'yan kabewa, kuma a garinmu kabewa ba ta yankewa. In an haɗa su da hatsi, sai Minista ya tsince su tas ya bar wa ɗan'uwansa gero, abin da ya rage kuma ya tura masa dusa ya binne. Da Tihomir ya ga yana neman zama kamar ƙwallo, sai ya ɗauke kwanon gaba ɗaya, ya koma watsa hatsin cikin dusa, kowa ya tona ya samu rabonsa. 'Ya'yan kabewa kuwa sai daga hannunsa, ɗaya ga wannan ɗaya ga wancan. Suna da rumbunsu a wata kusurwa can ƙasa inda suke tara abin da ba su ci ba. Kwali kuwa kowane iri aka jefa musu, kafin ka juya sun mai da shi gari.

Duk rowar Minista a wurin ci, in barci ya zo tare suke dunƙulewa, ba ka gane kan wane ko jelar wane. Yakan danne Kwandasta ya yi ta lasar masa wuya da bayan kunne, shi kuma ya miƙe ya lumshe ido. In aka buga ƙofa da ƙarfi, ɗaya ya daddaki ƙasa da ƙafafun baya, tap-tap-tap, sai duka biyun su ɓace cikin rami.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Zlata a rai: yadda yake share musu gida. Sai ya kwashe rabin dusar ya bar rabi, ya zuba sabuwa ya cakuɗa da tsohuwa. Rumbun nan nasu ko taɓa shi ba ya yi.

"Wannan ce sharar? Ka kwashe ƙazanta ka mai da ƙazanta? Namiji dai ko ya shekara ɗari bai iya shara ba."

Ya nuna hancinsa, ya nuna ɓerayen, ya haɗa yatsunsa biyu wuri ɗaya.

"Eh, na sani, wari suke yi. Ai abin da nake faɗa ke nan."

Ya girgiza kai, ya sake nunawa, ta riga ta juya ta koma kicin.

Duk da haka gidan ya ɗan farfaɗo. Tihomir ya koma wurin mai koyar da magana, abin da ya ƙi yi a da, ya koyi haɗiye iska ya fito da kalma ɗaya ko biyu daga ciki, da wata murya kamar gyatsa. Kalmar farko da ya faɗa wa matarsa ita ce "Masifaffiya." Ta ce, "Ka ji shi! An ba kwaɗo baki." Ta shige kicin ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Daga nan ta fara ajiye kwalin ƙwai da bawon karas a gefe, wai don ba ta son almubazzaranci ne.

A hunturu na biyu ciwon ya dawo. Aka ce sai an kwantar da shi a babban asibiti a Novi Sad, inda Biserka za ta riƙa kula da shi. Ranar tafiya, da kwat a jikinsa, ya ja Zlata gaban akwatin. Ya nuna mata cokali ɗaya na hatsi, ya nuna yadda ake watsawa. Ya ɗaga 'ya'yan kabewa biyu. Sannan ya dafa gilashin, ya haɗiyi iska, ya ce, "Bar shi."

"Na ji, na ji. Ka tafi kar mota ta bar direba."

Ya yi makonni a can. Takan je ta dawo a motar yamma, kowane zuwa ta tarar ya ƙara ramewa. A gida ba ta iya zama. Ta wanke labule, ta wanke bango, ta fito da kwanukan biki da ba a taɓa ci a ciki ba ta wanke ta mayar. Ɓerayen tana ba su abinci yadda ya nuna, har ta kama kanta tana ba su labarin abin da likita ya ce.

Sai Biserka ta bugo waya.

"Mama, jibi za mu kawo Baba gida."

"Ya warke ke nan?"

Biserka ta ce, "Sun ce ya fi kyau ya kasance a gida."

Zlata ta yi aiki a asibiti tsawon rayuwarta, ta san ma'anar wannan magana. Ta ajiye wayar ta tsaya tsakiyar ɗaki tana neman abin da za ta yi da hannuwanta. Komai na gidan yana ƙyalli, sai abu ɗaya. Gilashin akwatin ya yi dishi-dishi, dusar ta yi duhu. Ta ce a ranta, mutum mai huda a wuya ba zai dawo ya shaƙi wannan ƙura ba, kuma in ya shigo abin da zai fara kallo ke nan, gara ya same shi kamar sabo.

Ta kama Minista ta sa a bokitin wanki, Kwandasta kuma a wata tsohuwar tukunya, don ta ga bokitin ya yi musu kaɗan su biyu. Ta kwashe dusar kaf, da ramukan, da rumbun, ta kai bola. Ta wanke gilashin da ruwan zafi da sabulu da bilic, ta dirje wani ɗan gida na katako da ke cikin akwatin da buroshi, ta jingine komai kusa da murhu ya kwana ya bushe. Washegari da hantsi ta zuba sabuwar dusa fara tas. Ta ɗauko ɗan farantin tangaran mai zanen fure, ta cika shi da 'ya'yan kabewa, ta ajiye a tsakiya, don su ma su san ana murna. Sannan ta mai da su.

Suka tsaya nesa da juna. Minista ya nufi farantin ya hau. Kwandasta ya matso yana shinshina shi, ta baya, ta ciki, kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya daddaki ƙasa. Gashin bayansu ya tashi, suka jera gefe da gefe suna turin juna. Zlata ta ɗauka wasa ne, har ta ce, "Kai, ku yi hankali da farantina." Kafin ta rufe baki sun dunƙule sun zama ƙwallo guda mai birgima, dusa na tashi, jini ya fantsama a gilashin da ta wanke.

Ta zura hannu, ɗaya ya kafa mata haƙori a yatsa har ƙashi. Ta fizge, ta ɗauko tawul ta jefa a kansu, da ƙyar ta raba. Kwandasta, siririn nan da kullum ake ture shi daga abinci, ya koma kusurwa yana haki, bakinsa ja. Minista na kwance a gefe, wuyansa a yage.

Ta naɗe shi cikin tawul ta fita ko kallabi babu, ta taka dusar ƙanƙara har wurin likitar dabbobi, wata matashiya da ke bayan kasuwa. Kafin a buɗe tawul ɗin ya riga ya sandare. Likitar ta wanke mata yatsa ta ɗaure, tana tambayarta yadda aka yi. Zlata ta faɗa mata komai.

"Inna, su da wari suke gane juna, ba da ido ba. Suna goga cikinsu a kan komai na gidan, warin ya zama ɗaya, shi ne shaidar cewa 'yan gida ɗaya ne. Kin raba su sun kwana, kowa ya ɗauki warin wani wuri, suka dawo gidan da ba na kowa ba, ga abinci mai daɗi a faranti guda. Kowa ya ga baƙo."

"Shi ya sa mijina yake barin rabin dusar."

"Shi ya sa."

Zlata ta dubi yatsanta. "Ya faɗa mini," in ji ta. "Ni ce ban tsaya na ji ba."

Washegari da azahar Biserka da mijinta suka shigo da Tihomir, suna riƙe da shi ta kowane gefe. Kwat ɗin ta yi masa yawa. Bai zauna ba, kai tsaye ya nufi akwatin. Ya ga farar dusa, ya ga Kwandasta shi kaɗai a kusurwa da ɓawon ciwo a hanci. Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin yana jiran ɗayan ya fito.

"Ba zai fito ba," in ji Zlata daga bayansa. "Na wanke musu gida. Na raba su. Da na haɗa su suka yi faɗa. Minista ya mutu jiya. Ka ce in bari, ban bari ba."

Biserka ta ce, "Haba Mama, yanzu ne lokacin wannan magana? Baba, zo ka kwanta, ɓera ne fa, a sayo wani."

Bai juyo ba. Ya daɗe yana kallo, ya shafa gilashin da yatsa. Sannan ya haɗiyi iska, sau biyu kafin ta fito.

"Ya yi tsabta."

Ya juya suka kai shi ɗaki. Har yau Zlata ba ta san ko baƙar magana ya yaɓa mata ko lallashinta ya yi ba, domin muryar nan ba ta da hawa ba ta da sauka. Bai sake ta da zancen ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Kwandasta ya ci gida shi kaɗai, amma bai ji daɗinsa ba. Ya daina zirga-zirga. Sai ya tsaya a kusurwa ɗaya yana ta tonon gilashi, tono marar kai wa ko'ina, ko ya kwanta a fili ba cikin rami ba. Hatsin da aka watsa yana nan yadda aka watsa shi. Ko 'ya'yan kabewa in ya karɓa sai ya yar. Tihomir ya sa aka kawo akwatin kusa da gadonsa, ya aika aka kira Obrad. Da hannu da 'yan kalmomi ya nuna masa abin da yake so: raga ta waya a tsakiya, ta raba akwatin biyu. Obrad ya je har garin Zrenjanin ya samo ɗan ƙarami wanda bai daɗe da barin nono ba. Aka sa shi a gefe guda, Kwandasta a ɗayan. Kullum sai a musanya musu gefe, kowa ya kwana a shimfiɗar ɗan'uwansa, har warin ya gauraya.

Hannun Tihomir ya riga ya rasa ƙarfi, don haka Zlata ce mai musanyawa. Takan tallabo su a tafin hannu yadda ya nuna mata, ba ta jela ba, don fatar jelarsu saɓulewa take yi. Shi kuma yana kallo daga matashi, in ta yi daidai ya lumshe ido.

Bai kai ga ganin ƙarshen abin ba. Ya rasu kafin ƙanƙara ta gama narkewa, da rana tsaka, tana kicin tana dama masa kunun da ba zai sha ba. Direbobi sun zo jana'iza da yawa, har da waɗanda suka daina zuwa dubiya. Aka raba dafaffiyar alkama da zuma kamar yadda al'adarmu take, aka sha barasa, aka yi ta ba da labarin barkwancinsa har wasu suka manta suka yi dariya.

Da mutane suka watse ta ci gaba da musanyawa. Bayan wani lokaci ta cire ragar, tawul a hannu. Kwandasta ya kai wa ƙaramin hari, ta yi maza ta mayar. Ta sake jira, ta sake gwadawa, haka dai. Likitar ta ce akwai wanda in ya taɓa zubar da jini ba ya sake yarda da kowa. Abin da ya ba Zlata mamaki, in barci ya zo sai kowannensu ya jawo ciyawarsa jikin ragar, su kwanta baya da baya, waya a tsakani. Kwandasta ya koma cin abinci, ya ɗan yi ƙiba. Haka ta bar su. Da kaka ta zagayo, Zlata ta tarar da shi a shimfiɗarsa ya mutu, tsufa ne kawai.

Obrad ya ce zai samo wa ƙaramin aboki.

"Kar ka soma," in ji ta. "In ka kawo wani, wannan zai riga shi mutuwa, wancan ya saura, a sake nemo wani. Yaushe za a gama? Ni ma ba yarinya ba ce."

"To ya zauna shi kaɗai?"

"Ban sani ba, Obrad. Sha kofinka."

Ba ta kai ga yanke shawara ba. A farkon hunturu ta zame a bakin ƙofa ta karya ƙugu, ta yi awanni a kwance kafin mai kawo wasiƙa ya gan ta. Daga asibiti Biserka ta wuce da ita Novi Sad, ba ta sake kwana a gidanta ba. Obrad ya kai ɓeran wurin likitar dabbobi, ita kuma ta ba wata mai kiwonsu a wani gari. Gidan an sayar wa wani mai sana'ar tayoyi, ya cika tsakar gidan da su har saman katanga.

Yanzu tana wani ɗan ɗaki a hawa na shida, tare da jikokin da ba sa cire abin sauraro daga kunne. Tana tafiya da sanda, daga gado zuwa kicin. In wani daga garinmu ya je birnin ya biya ya gaishe ta, takan tambayi wa ya mutu, wa ya yi aure, ko an yi ruwa a kan lokaci. In baƙon ya tashi tafiya sai ta riƙe masa hannu ta ce ya ƙara zama kaɗan, ai motar yamma ba ta cika tashi da wuri ba.